Ga ƙannena masu cewa foka lissafi ce, ba caca ba

Assalamu alaikum. Tun da aka fara kai riɗi kasuwar Maigatari bana nake lura da ku a dandali, bayan sallar isha'i, kowa ya duƙufa kan waya. Da na tambaya sai ɗayanku ya ce, "Yaya, wannan ba irin kartar 'yan tasha ba ce, foka ce, ƙwaƙwalwa ake sa wa." To, ni ma na buga ta shekarun da na yi a kudu, Allah ya yafe mini. Bari mu zauna a kan lissafin da kuke taƙama da shi, a daidai wurin da ya fi tsanani.

A gasar foka ba kowa ake biya ba. Galibi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na waɗanda suka shiga ne ke samun wani abu. Mu ɗauka ku ɗari ne, kowa ya zuba naira 5,000, za a biya 15. Yanzu saura ku 16. Wannan gaɓar ita suke kira "babul": mutum ɗaya zai fita hannu rabbana, sauran su tsira da wani abu. Kai kuma tarin gabanka ya zube, bai wuce a biya babban kuɗin dole, wato kuɗin da ake tilasta wa 'yan wasa zubawa bi da bi kafin a raba kati, sau 8 ba. Kowane zagaye na teburi yana cin kusan biyu da rabi, in an haɗa ƙaramin dole da babba da ɗan harajin da ake ƙarawa. Zagaye uku ke nan, ka ƙare ko da ba ka taɓa kati ba.

A nan dabara ta taƙaice. Ƙwararrun da kansu sun ce wanda tarinsa ya sauko ƙasa da babban dole goma zaɓi biyu gare shi tun kafin a buɗe katin tsakiya da kowa ke haɗawa da nasa: ya tura duka, ko ya ajiye. Ba ya da abin da zai yi ciniki da shi. Masu manyan tari kuwa sun san kana tsoron fita, sai su dinga matsa maka da kowane irin kati, kamar mai bashi ya tsare ƙofar gida ranar kasuwa.

To ka ce ka yi sa'a, an ba ka katin bakwai guda biyu. Ka tura, wani ya amsa da A da K, manyan katunan wasan. Rinjayenka kusan 55 ne cikin ɗari, wato kaɗan ya fi jefa kwabo sama. Ko A biyu aka ba ka, katin da babu kamarsa, wanda ke zuwa sau ɗaya cikin rabo 221, in ya haɗu da K biyu yana faɗuwa kusan sau ɗaya cikin biyar. Ka yi komai daidai, ba kuskure ko ɗaya, kuɗin riɗinka ya tafi. Mene ne sunan wannan in ba caca ba?

Akwai ma wani lissafin da suke kira ICM, wanda ke nuna cewa a wannan gaɓar abin da za ka rasa in ka faɗi ya fi abin da za ka ƙaru da shi in ka ci. Shi ya sa wani lokacin ake ce maka ka ajiye kati mai kyau, ka laɓe kana fatan wani ya riga ka fita. Ku dubi wannan hali da kyau. Ɗan Musulmi zaune ƙarfe biyun dare yana addu'ar asara ta sauka kan wani. Kuma in ka lallaɓa ka kai, ladan farko yawanci bai kai ninki biyu na abin da ka zuba ba. Mai manhajar cacar shi ya riga ya zare kasonsa tun wajen shiga, ko wa ya ci, ko wa ya faɗi.

Na san labarin da ke ruɗar ku, na Chris Moneymaker, akawun da ya samu gurbi ta intanet ya ci dala miliyan 2.5 a Las Vegas a 2003. Gaskiya ne. Amma su 839 ne suka zauna a gasar, kujera ɗaya dala 10,000, kuma mafi yawansu ba su koma gida da ko sisi ba. Ba a yin hira da waɗannan.

Alƙur'ani bai musa cewa akwai ɗan amfani ba. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ambaci amfanin, ta ce zunubin ya fi shi girma, sannan aya ta 90 da ta 91 a Ma'ida suka rufe ƙofar, har suka faɗi abin da caca ke haifarwa: gaba, ƙiyayya, da shagala daga sallah. Ku da kanku ku ƙirga asubahin da ta wuce ku a watan nan.

Hisbah na iya rufe shagon caca a birnin Kano, amma ba ta iya shiga aljihunka a Gumel ko Sule Tankarkar. Wanda ya karɓi kuɗin riɗin gidansu a asusunsa, ya je gobe da safe wajen mai POS ya cire, ya damƙa wa Baba a hannu, taki da iri na jiran kuɗin kafin damina.