Gem ɗin yanka igiya da yarona ya maƙale wa

Tunda yarona ɗan shekara 7 ya gano Cut the Rope a wayata ban sake ganin caji ya kai min magariba ba. Mamarsa ta riga ta yanke hukunci wai gem duk gem ne, ɓata lokaci ne kawai, ni kuma na ce bari dai in zauna kusa da shi in ga me yake yi tukuna.

Wanda bai san shi ba, kamfanin ZeptoLab ne ya fito da shi a 2010. Wani ɗan dodo kore ne mai suna Om Nom zaune yana jiran alawa, ita kuma tana rataye da igiyoyi, kai aikinka ka goga yatsa a skirin ka tsinke igiya ta faɗa bakinsa, a hanya ka kwashi taurari uku in ka iya. Da an yi gaba sai ga ƙaya da ke farfasa alawar, ga kumfa da ke ɗaga ta sama, ga gizo-gizo yana bin igiya zai sace ta.

Akwai wani mataki da ya faɗi ya fi sau goma. Alawar tana lilo, shi kuma da ta kai ƙarshen lilon yake yankewa, sai ta zubo ƙasa tsaye kamar an saki dutse. Can sai na ga ya janye yatsa ya zuba mata ido kawai tana kai da komowa, ya ce "Abba, a tsakiya ta fi gudu". Ya yanke a tsakiyar, ta yi gaba ta lanƙwaso ta faɗa bakin dodon. Wallahi abin ya burge ni, don wannan maganar ni sai a sakandare aka zana min ita a allo a darasin fiziks, kuma ko a lokacin haddacewa na yi don jarrabawa.

Amma fa kar wani ya ɗauka cewa nake ɗansa zai zama injiniya don yana yanka igiya a waya. Abin da gem ɗin ke koyarwa a hannu yake tsayawa, yaro ya san yaushe zai yanke amma ka tambaye shi dalili sai ya ɗaga kafaɗa. Kuma sake gwadawa ba ya cin komai, maɓalli ɗaya ne, shi ya sa in ya gaji sai ya koma yanke-yanken kan mai uwa da wabi har sa'a ta zo, ya tashi yana ihu wai ya ci. Wannan kam ba tunani ba ne. Ni yanzu yatsansa nake kallo, in yana tsayawa kafin ya yanke to kwanya na aiki, in ya fara dannawa ba ji ba gani na san lokacin karɓe waya ya yi.

Ƙanwarsa 'yar shekara 3 ma kuka take a ba ta, ita kam launi da tauna-taunar Om Nom kawai take kallo, ba ta san igiya na da wani aiki ba. Dama shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce 'yan shekara 2 zuwa 4 kar zamansu gaban skirin ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi.

Ranar Asabar na gwada shi a zahiri. Na ɗaure makulli ɗaya a zare, na ɗaure tarin makullai a wani zaren mai tsayi ɗaya, na ce in suna lilo wanne zai riga zuwa ya dawo? Ko shakka bai yi ba ya ce mai nauyin. Muka sake su tare, sai ga su suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa, da na gajarta zare ɗaya kuwa nan take ya fara sauri. Abin da masanin kimiyyar nan na Italiya, Galileo, ya lura da shi kenan shekaru kusan 400 baya, tsayin zaren ne ke da magana ba nauyin ba, kuma duk matakan da yaron nan ya cinye ba su nuna masa wannan ba, don alawar kullum iri ɗaya ce.

Har yanzu bai yarda ba fa, wai ni ne nake tura mara nauyin da hannu. Ya karɓe zaren da makullan ya ɗaure a jikin kujera, yanzu haka makullin ɗakina ma yana wurinsa.