Zinariyar da ke cikin kwamfutata

Ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne a jami'ar Maradi, kuma duk dukiyata tsohuwar kwamfuta ce mai mataccen batir. A cikinta nake harhaɗa ƙwayar zinariya mai atam 55, in ɗora mata iskar CO, gubar nan ta hayaƙin mota, in bar na'ura ta lissafa inda iskar za ta lafe: bisa atam ɗaya, tsakanin biyu, ko cikin ramin uku, da kuma ƙarfin riƙon. Hanyar lissafin DFT ake ce mata, ita ta ba Walter Kohn kyautar Nobel a 1998. Tun 1987 masani Haruta na Japan ya nuna cewa zinariya, wadda ba ta shiga harkar kowa, in aka mai da ita 'yan ƙwayoyi na nanomita kaɗan, ƙananan da ido ba ya gani, sai ta riƙa juya CO zuwa CO2, iskar da muke fitarwa a numfashi, ko cikin sanyi.

Ran nan lissafi ya fara kyau, na kira malamina daga tsakar gida: "Malam, zinariyar ta kama! Hamsin da biyar ɗin nan, duk suna cikin kwamfuta."

Inna na bakin murhu. Ta ji hamsin da biyar, ta ƙara giram daga aljihunta.

Kafin la'asar Kawu ya sauka daga Tibiri bisa kabu-kabu, ni na biya kuɗin. "Ɗana, ashe haƙar zinariya a Jado ka tafi ba mu sani ba?" Na rantse masa ko ƙura ban taɓa gani ba, lambobi ne kawai. Da na ga bai gamsu ba sai na ɗauko ƙa'idar Sabatier, Bafaranshen da ya ce dole riƙon da ƙarfe ke wa iska ya zama tsaka-tsaki in ana son ya juya ta. Na ce kamar baƙo ne, Kawu: wanda ya tsaya a zaure ba a gama komai da shi, wanda ya shimfiɗa tabarma ya ƙi tashi kuwa ya tare wa na baya wuri.

Ya dube ni. "Da ni kake?"

Ya kwana.

Da asuba na duba tebur, wayam. Inna ta zare waya daga bango, ta naɗe kwamfutar cikin zanen atamfa, ta kulle a akwati saboda ɓarayi. Lissafin da na yi ta wa addu'a kar a ɗauke wuta, ga wuta garau, ya tafi. Ina shirin kuka tana cewa in gode Allah da uwa mai lura.

Don a kashe magana na yarda mu je wurin mai gyaran kwamfuta a babbar kasuwa, ya faɗa musu da bakinsa. Kawu ya gyara hula. "Malam, tsakaninka da Allah, akwai zinariya cikin abin nan?"

Ina ta ƙifta masa ido, amma bawan Allah ya zaɓi gaskiya. Ya ce akwai mana, ana shafa 'yar kaɗan a haƙoran da ke haɗa kayan ciki, don ba ta tsatsa.

Kawu bai jira jin "'yar kaɗan" ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Ɗan yau ke nan." Sannan ya tambayi mai gyara nawa zai ba shi aron sukudireba zuwa azahar.