Takardar mota ce matsalar

Wallahi labarin da ake yi cewa masu mota na shan jinkiri a bodar Najeriya da Nijar gaskiya ne, tun da Najeriya ta sake buɗe iyaka da Nijar a Maris 2024 abin bai koma kamar da ba. Katsina zuwa Maraɗi fa ba nisa, amma sai ka wuni a layi ana buɗe but ana duba lambar inji da ta shasi, ga lesefase na mota, wato takardar izinin shiga da mota wata ƙasa, ga inshora, ga katin allurar shawara, ɗaya ya ɓace sai ka juya. Ni dai shawarata ƴan uwa, sunan da ke kan takardar mota ya zama naka, in motar ta aro ce ka riƙo takardar izinin mai ita. Kuma a yi sammako don Allah.