Gani ba ci ba: haɗin gwiwar da ke ba mu hoto ta riƙe kaya da makulli

Akwai wata magana da George Osborne, shugaban kwamitin amintattun Gidan Tarihin Birtaniya, ya yi a gaban wani kwamitin majalisar dokokin ƙasarsu a watan Oktoban 2023, wadda har yau in na tuna ta sai raina ya sosu. Wata biyu kafin nan asirin gidan ya tonu: kaya wajen 2,000 sun salwanta, wasu an sace, wasu an lalata, kuma da yawansu ko a kundi ba a rubuta su yadda ya kamata ba. Maganin da gidan ya kawo shi ne a ɗauki hoton duk abin da ke cikinsa a zuba a intanet, aikin shekara biyar da zai ci wajen fam miliyan 10. Wannan ba laifi ba ne, wanda ɓarawo ya shiga ɗakinsa ai dole ya ƙirga kayansa. Inda Osborne ya ɓata rawarsa da tsalle shi ne da ya ƙara da cewa aikin zai iya zama wani ɓangare na amsar da za su riƙa bai wa masu neman a mayar musu da kayansu: ga su nan, ko ba ku zo Landan ba kuna iya ganinsu ta intanet.

Wato mutanen Binin da sojojin Birtaniya suka ƙona wa fada a 1897 suka kwashe musu tagulla, da Girkawa da suka shafe shekaru suna bin sawun sassaƙen da aka ɓamɓaro daga birnin Atina, sai a miƙa musu adireshin shafi su sha kallo. Masu iya magana sun gama da wannan tuntuni da suka ce gani ba ci ba. Dokar 1963 da gidan ke fakewa da ita ta hana shi rabuwa da kayan, amma babu dokar da ta hana shi ba da hoto, shi ya sa hoto ya zama kyautar da ba ta rage wa mai bayarwa komai.

Osborne ɗan siyasa ne, tsohon ministan kuɗi, ya san yadda ake yi wa mutum romon baka. Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan tunanin ya samu riga mai kyau ya shiga zaurukan taro. Yanzu sunansa haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa kan adana kayan tarihi ta hanyar dijital, wasu ma har suna kiransa mayar da kaya gida ta intanet, ko kunya babu. Ana gayyato jami'an gidajen tarihi daga Afirka da Asiya, a sa hannu a takardar fahimtar juna, a ɗauki hoto a gaban tutoci, kowa ya koma gida da jakar taro. Ba ka jin wani ya ɗaga hannu ya tambayi inda fayil ɗin zai kwana, ko wanda zai mallake shi, ko wanda zai rubuta sunan abin da aka ɗauka.

Kar a yi min gurguwar fahimta. Masu cewa a bar komai a akwati kada na'ura ta taɓa shi, su je su tambayi mutanen Barazil, waɗanda gobarar 2 ga Satumban 2018 ta cinye musu mafi yawan kaya miliyan 20 da ke Gidan Tarihin Ƙasa na Rio a dare guda, har da muryoyin da aka naɗa na wasu harsunan da babu sauran mai magana da su. Ko su tambayi Sudan, inda yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya bar gidan tarihin Khartoum a hannun masu wawura. Ɗaukar hoto dole ne. Rigimata da sharuɗɗan da ake ɗaukarsa a kai take.

A duba abin da ya faru da sassaƙen kan Nefertiti, sarauniyar tsohuwar Masar, wanda Jamusawa suka tono a 1912 yake kuma zaune a Berlin har yau. Hukumar gidan tarihin da ke riƙe da shi ta sa an auna shi da na'ura ta kowace kusurwa, aka samu kwafin dijital da za a iya juya shi a kwamfuta ko a ƙera irinsa sak. Sai ta kulle fayil ɗin. Wani mai zane ɗan Amurka, Cosmo Wenman, ya shafe shekara uku yana kai ruwa rana da su ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai, suna ce masa sakin fayil ɗin zai taɓa cinikin kwafin da suke sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Da suka rasa mafita suka saki a 2019, sai aka tarar sun zana tambarin haƙƙin mallakarsu a gindin kwafin, tare da sharaɗin kada a yi kasuwanci da shi. Sassaƙen da wani Bamisire ya yi fiye da shekara 3,000 da suka wuce, yau hukumar Jamus ce ke cewa hotonsa nata ne. An riƙe kayan, an riƙe inuwarsa. Idan haka aka yi wa ɗan Amurka mai lauya da lokaci, ina ga ɗalibin da ke Aswan a Masar?

Ni ma na ɗanɗana kaɗan. Na taɓa neman hoton wani shafi na tsohon rubutun hannu da ke ajiye a wani ɗakin karatu na Turai. A shafinsu hoton yana nan, amma ɗan mitsitsi, da ka ƙara girmansa sai haruffan su narke. Na nemi babban, aka aiko min da takardar cikewa: me za ka yi da shi, kwafi nawa za ka buga, a wace ƙasa, da wane katin banki za ka biya. A ƙasan takardar an rubuta cewa dole in ambaci sunan ɗakin karatun a matsayin mai haƙƙi. Sunan malamin da ya rubuta shafin da hannunsa kuwa, a kundinsu an sa ba a san shi ba, alhali ga shi nan ya sa sunansa a ƙarshen littafin, ga duk wanda ya iya karanta rubutun.

Ba ni kaɗai na hango wannan ba. Lokacin da masana biyu, Felwine Sarr da Bénédicte Savoy, suka miƙa wa shugaban Faransa rahotonsu a Nuwamban 2018, inda suka ƙiyasta kayan Afirka kudu da Sahara wajen 90,000 a gidajen tarihin ƙasar, sun ba da shawarar a ɗauki hoton kayan da za a mayar a sake shi ga kowa. Wasu masana shari'a biyu, Mathilde Pavis da Andrea Wallace, suka mayar musu da martani a 2019, masana fiye da ɗari suka sa hannu. Hujjarsu mai sauƙi ce: idan ka amince kayan ba naka ba ne, to da izinin wa za ka ɗauki hotonsa ka raba wa duniya kafin ka miƙa shi? Akwai abubuwan ibada da a wurin masu su ba kowa ke ganinsu ba. Masu rajin a buɗe komai ga kowa suna ganin wannan duhun kai ne, amma yawancinsu ba kayan kakanninsu ake buɗewa ba.

Sai maganar inda fayil ke kwana. Hujjar da aka saba ba mu ita ce a can akwai wuta, akwai tsaro, akwai ƙwararru. A cikin watan da Osborne ya yi maganarsa, a birnin da ya yi ta, 'yan kutse suka afka wa Ɗakin Karatu na Birtaniya suka nemi kuɗin fansa, da aka hana su suka watsa bayanan da suka sata. Babban kundin binciken littattafan bai dawo ba sai Janairun 2024, rubuce-rubucen hannu da aka zuba a intanet kuma suka fi haka daɗewa a rufe. Duk mai bincike a duniya da ya dogara da wannan rumbu guda sai ya zauna zaman jira. Ba dariya nake musu ba, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Amma daga ranar, duk wanda ya ce min a tara komai a hannunsa don ya fi kowa iya ajiya, sai in tuna masa.

Wani lokacin ma ba sai an yi kutse ba, kuɗi ne kawai ke ƙarewa. A 2009 UNESCO da Ɗakin Karatun Majalisar Amurka suka ƙaddamar da babban ɗakin karatu na duniya a intanet, da ganga da algaita, ƙasashe suka yi ta aika hotunan taskokinsu. A 2021 aka naɗe tabarmar shirin, abubuwan da aka tara wajen 19,000 suka koma cikin shafin ɗakin karatun na Amurka. Suna nan, ba a zubar ba, amma abin da aka kira na duniya ya ƙare a ɗakin mutum ɗaya. Ƙananan ayyuka kuwa, masu tallafin shekara biyu ko uku, ba a ma maganarsu. Tallafi ya ƙare, matasan da aka horar su watse neman abin yi, na'urar ɗaukar hoto ta yi ƙura, wata rana ka buɗe shafin ka tarar babu shi.

Abin haushin shi ne Turawa sun san yadda ake haɗin gwiwa na gaskiya, don a tsakaninsu shi suke yi. Europeana, taskar intanet da suka buɗe a 2008 da kuɗin Tarayyar Turai tana nuna abubuwa fiye da miliyan 50 daga dubban cibiyoyi, amma bayanin kaya da ɗan ƙaramin hotonsa take tarawa. Babban fayil yana gidan mai shi, kana dannawa za ta kai ka can. Ba a ce wa Poland ko Portugal su kwashe taskarsu su kai Faris don a fi iya kula da ita ba. Akwai kuma tsarin IIIF da manyan ɗakunan karatu suka fara haɗawa tun wajen 2011, wanda ke ba mai bincike damar jera shafi daga wannan ƙasa da shafi daga waccan a allo ɗaya, kowanne yana zaune a rumbun masu shi. Fasahar tana nan, kyauta ce ma. In an zo kanmu ne ake tuna cewa ba mu da wuta.

Zan yaba inda yabo ya kamata. Shafin Digital Benin da aka buɗe a Nuwamban 2022 ya tattaro bayanan kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Abin da ya burge ni a cikinsa ba yawan ba ne. A tsohon kundin Turawa za ka ga an rubuta allo, tagulla, ƙarni na 16, sai sunan hafsan da ya kawo ko ɗan kasuwar da ya sayar. A wannan shafin an kasa kayan da sunayensu na harshen Edo, kana dannawa ka ji muryar ɗan gida yana furta sunan, ka karanta aikin da abin ke yi a fada, domin masanan Binin suna cikin waɗanda suka rubuta. Kuma ya zo a shekarar da Jamus ta sa hannu ta miƙa wa Najeriya mallakar kaya fiye da 1,100, wato jerin ya zama takardar bin bashi, bai zama madadin biya ba. Duk da haka, daga wani gidan tarihi na Hamburg aka tafiyar da aikin, da kuɗin wata gidauniyar Jamus. Tsugune ba ta ƙare ba.

Tumbuktu ta ƙasar Mali, mai tarin tsofaffin littattafan rubutun hannu, ta nuna inda ƙarfin yake. Da masu iƙirarin jihadi suka mamaye garin a 2012, ba wata cibiyar ƙasa da ƙasa ce ta ceci littattafan ba. Iyalan da suka gaje su ne, tare da Abdel Kader Haidara da ƙungiyarsu ta SAVAMA, suka zuba dubban ɗaruruwan rubuce-rubucen hannu a akwatunan ƙarfe, suka sulale da su zuwa Bamako ta mota da ta kwale-kwale a kogin Neja. Na cibiyar Ahmed Baba da suka rage a baya, wajen 4,000, an ƙona ko an yi awon gaba da su a Janairun 2013. Daga baya ne abokan hulɗa na waje suka shigo da kyamarori, ciki har da ɗakin karatun Hill na wasu limaman Kirista a Minnesota, kuma 'yan Mali ne suka zauna suka ɗauki hotunan shafi bayan shafi, littattafan ba su bar ƙasar ba. Da littafi a hannunsu suka zauna teburin ciniki, shi ya sa aka saurare su.

A nan ne zan juyo kan namu shugabannin, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin da ba ta iya biyan kuɗin wutar gidan tarihinta, da ta bar rufin ma'ajiyar takardunta yana yoyo, ba ta da bakin cewa an riƙe mata fayil. UNESCO ta fitar da yarjejeniyar kare gadon dijital tun 2003, ministocinmu suna cikin zauren. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, nawa ne a cikinsu suka ware ko layi ɗaya a kasafin kuɗi don rumbun ajiyar bayanai da albashin mai kula da shi? Sun fi son a gayyace su taro a Faris.

Ban ce ina da cikakken tsari a aljihu ba. Amma kafin wani daraktan gidan tarihi ya sake sa hannu a takardar fahimtar juna, ya nemi a rubuta cewa babban fayil, ba ɗan mitsitsin ba, zai kwana a ƙasar masu kayan, wani kwafin kuma a wata ƙasar maƙwabciya, don Dakar da Nairobi ma suna iya riƙe wa juna amana. A rubuta cewa haƙƙin hoton na masu kayan ne, su ne za su ce wannan a buɗe, wannan a rufe. A rubuta kuma, da manyan baƙaƙe, cewa karɓar hoto bai soke neman kayan ba. Idan abokin hulɗar ya ce waɗannan sharuɗɗan sun yi masa tsauri, sai daraktan ya mayar da alƙalaminsa aljihu ya nemi a nuna masa hanyar filin jirgi.