Kwandon da aka zuba ƙananan dainoso

Ni ɗan Argungu ne, aiki ya kawo ni kudancin Ingila. Ran Asabar na kai yara tsibirin Wight, inda aka tono ƙasusuwan wani ɗan dainoso a 1849. Har wutsiya bai wuce mita biyu ba, da ƙafa biyu yake gudu, ganye yake ci. Da fari an zaci jaririn wani babban dainoso ne mai suna Iguanodon, sai a 1869 masanin halittu Thomas Huxley ya ce jinsi ne mai zaman kansa, ya raɗa masa Hypsilophodon.

A 1882 wani masanin, Louis Dollo, ya buɗe masa dangi, Hypsilophodontidae. Shi ke nan aka samu kwando. Duk ƙaramin mai gudu mai cin ganye da aka tono, daga Amurka har Ostireliya, sai a jefa ciki. Da aka bi ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, ashe kama da wane ba ta wane. Aka watse taron.

Babbar 'yata ta ce, "Baba, ashe su ma ba su sani ba?" Sai na tuna kawuna a bakin Matan Fada. Ɗan birni ya ga kifi mai gashin baki ya ce tarwaɗa, kawu ya juya shi ya nuna masa ƙayar baya da ta rabu biyu, ya ce, "Ramboshi ne, yaro." Wallahi idonsa bai gaza na Huxley ba. Shi dai a bakinsa ilimin ya tsaya, masanan nan kuwa har kuskurensu rubutawa suke da shekara da sunan mai shi, don na baya ya samu abin gyarawa. Mu a gida malami ya sauya magana sai a ce bai iya ba. Ni wannan sauyin ne ya burge ni.

Ko maƙwabtanmu abin ya shafa. Wani mai gudun da aka tono a Gadufawa ta Nijar, a 1982 an haɗa shi da wani dainoson Ingila na daban a sunan Valdosaurus, a 2009 aka raba su, ya koma Elrhazosaurus. Goronyo ma tana da nata, Goronyosaurus, kodayake shi ƙadangaren teku ne. Na yi sakandare a Birnin Kebbi, ban taɓa jin sunansa ba sai a nan.

In na je gida da sallah, littafi zan riƙe in zauna gaban kawu.