Lamba 9 ba dokar ƙwallo ba ce

Duk inda dattawan Hausawan Jidda da Makka suka zauna hirar ƙwallo, sai an ambaci Majed Abdullah na Al-Nassr da rigarsa mai lamba 9, da ƙwallon da ya ci China a wasan ƙarshe na Kofin Asiya a 1984. Daga nan sai ka ji wani ya ce ai doka ce, lamba 9 ta mai cin ƙwallo ce. Ba haka ba ne.

Abin ya samo asali ne daga Ingila, inda aka gwada sa lamba a bayan riga a 1928, aka wajabta ta a gasarsu a 1939. A lokacin ana tsayuwa ne 2-3-5: biyu a baya, uku a tsakiya, biyar a gaba. Ana ƙirgawa daga mai tsaron gida, lamba 1, har zuwa ɗan gefen hagu, lamba 11. Na tsakiyar 'yan gaba biyar ɗin nan sai 9 ta faɗo kansa. Wato lambar ta gurbi ce. Ranar da gwanin bai buga ba, wanda ya maye gurbinsa shi zai sa rigar.

Sai a 1993 gasar Firimiya ta ba kowane ɗan wasa lambarsa ta dindindin. Ajantina kuwa a Kofin Duniya na 1982 jerin haruffan suna ta bi, har Ardiles, ɗan tsakiya, ya sa lamba 1.

Ni dai a wurina, ƙafar Majed ce ta ɗaga darajar 9 a Saudiyya.