Likitan haƙori da waɗanda ke tsaye kusa da shi

A asibitin haƙorin da nake aiki a nan Ingila, nas mai miƙa kayan aiki tana iya ce wa babban likita, "Dakata, na hagu ne a takarda." Sai ya dakata, ya sake dubawa, ya yi mata godiya majinyaci na ji. Hukumar GDC da ke yi wa likita rajista ita ke yi wa nas ɗin, kuma ta ɗora wa kowannensu nauyin yin magana idan ya hango cutarwa.

Da nake aiki a Gombe, da wuya ƙarami ya buɗe baki haka. "Ranka ya daɗe" ce ke fara fita, gyaran kuma ya maƙale a maƙogwaro. Girmama na gaba tarbiyyarmu ce, ina alfahari da ita, amma haƙorin babba in an cire ba ya sake tsirowa, kuma kunya ba ta mayar da shi.

Mu a gida Najeriya mu ne ma muka fi bukatar wannan haɗin kai. Likitocin haƙori kaɗan ne, yawancinsu suna manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a Bauchi. Mutumin ƙauye kafin ya iso nan ya sha kanumfari, ya bi ta kemis, kumatu ya kumbura har ido ya rufe. Wanda ya fara ganinsa ma'aikacin ƙaramin asibiti ne. Idan yaro mai tamowa ya zo da gyambo a dasashi, baki na wari, wannan ma'aikacin ne zai gane ko cutar noma ce, wadda ke cinye fuska cikin kwanaki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023 bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. In yana tsoron kiran likita kada a gwale shi, yaron ne zai ɗanɗana kuɗarsa.

Ban ce nan Ingila aljanna ba ce. Mutane na shafe watanni suna neman likitan haƙori na NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, kuma agogo ke mulkin ɗakin duba marasa lafiya. A gida na ga likita ya tsaya ya gaida tsohuwa, "Sannu Inna, ya jiki, ya jikoki?", ya bi ta a hankali har tsoron allura ya sake ta, sannan ya sa hannu aljihu ya cika mata kuɗin magani ba tare da kowa ya sani ba. Na ga wani ya zauna yana fahimtar da wata budurwa daga Kaltungo cewa jan haƙorinta daga sinadarin fulorayid na ruwan yankinsu ne, ba ƙazanta ba, har ta daina rufe baki da mayafi.

Wannan tausayin nake so manyanmu su nuna wa na ƙasa da su. Kowane ma'aikacin ƙaramin asibiti a Dukku ko Nafada ya kamata a ce yana da lambar wani likitan haƙori da zai tura wa hoto ta WhatsApp, ya kuma san za a amsa masa ba tare da tsawa ba.